Yadda ake tantance bayanin kayan aikin da aka rubuta wa wakilin AI

Duk wanda ya taɓa aiken sabon yaron shago kasuwa ya san cewa abin da ka faɗa masa kafin ya fita shi ne iyakar abin da ya sani. In ka ce “je ka karɓo kayan nan wajen Alhaji”, alhali layin akwai Alhazai goma, kada ka yi mamakin abin da zai dawo da shi. Haka wakilin AI yake, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ba ta tsaya ga hira kawai ba, tana iya kiran wasu ƙananan manhajoji su yi mata aiki: binciken intanet, duba rumbun bayanai, aika saƙo, biyan kuɗi. Waɗannan ƙananan manhajojin su ake kira kayan aiki. Wakilin ba ya ganin lambar da ke cikinsu, wato rubutun umarnin kwamfuta (code) da aka gina su da shi. Abu uku kawai ke isa gare shi: sunan kayan aikin, bayanin da aka rubuta a kansa, da jerin guraben da zai cike in zai kira shi.

Tun watan Yunin 2023 da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da samfuransa, wato manhajojin basirar da wakili ke tunani da su, za su riƙa kiran kayan aiki, da watan Nuwamban 2024 da kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP ta haɗa wakili da kayan aiki, tsarin bai sauya ba a asali: `name`, `description`, sai guraben da ake tsarawa da JSON Schema, wata hanyar bayyana fasalin bayanai. Abin da ke tafe shi ne yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta, ko wanda wani ya rubuta kake shirin ɗauka, zai yi aiki. Matsayina a taƙaice: daɗin karanta bayani ba ya nuna ingancinsa, abin da wakili ya aikata bayan ya karanta shi ne ke nunawa.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauka kana gina wakili wa wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda zai riƙa amsa wa abokan ciniki ta WhatsApp. Zan kawo misalan bayanin da Hausa don mu fahimci juna, duk da cewa yawancin masu wannan aiki da Turanci suke rubuta shi.

Mataki na 1: Fito da bayanin yadda wakili yake ganinsa

Kada ka duba abin da ke cikin lambarka, duba abin da ya fita. Akwai manhajojin taimako da ke ɗebo bayanin daga sharhin da ka rubuta a saman aikin, kuma a hanya wani lokaci sukan yanke shi ko su zubar da bayanin guraben. In MCP kake amfani da shi, buɗe manhajar dubawa ta MCP Inspector, ka haɗa shi da sabarka, wato manhajar da ke ɗauke da kayan aikinka, ka nemi jerin kayan aiki, wato abin da `tools/list` yake dawowa da shi. Kwafe shi gaba ɗaya ka zuba a takarda ɗaya. Wannan takardar ita za ka tantance.

Kana nan, ka lura da girmanta. Duk wannan rubutu yana shiga cikin abin da samfurin ke karantawa a kowane kira, kuma ana lissafa kuɗinsa da guntayen kalmomin da ake kira tokin. Kayan aiki arba'in masu dogon bayani sun ci wuri tun kafin abokin ciniki ya yi sallama.

Mataki na 2: Miƙa wa wanda bai san aikin ba

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan akasin haka ne: wanda ya rubuta kayan aikin shi ne mafi rashin ganin giɓin da ke cikin bayaninsa, don kansa yana cike masa giɓin ba tare da ya sani ba. Nemi abokin aiki ko ɗalibin da yake koyon aiki a wurinku, wanda bai taɓa ganin lambar ba. Ba shi takardar, ka ba shi buƙata guda, misali “wata mata tana tambaya ko odarta ta fita”, ka ce ya rubuta wane kayan aiki zai kira da abin da zai sa a kowane gurbi.

Sai ka yi shiru. Wannan shi ne mai wuyar. Duk tambayar da ya yi maka, kada ka amsa da baki, rubuta ta a gefe. “Lambar odar da haruffan gabanta ko babu?” “In ba ni da lambar fa?” Kowace tambaya jimla ce da ta ɓata daga bayanin. Shi mutum ya tambaya; wakili sau da yawa ba ya tambaya, hasashe yake yi ya wuce, da ƙarfin gwiwarsa kuwa.

Mataki na 3: Yi wa kowane bayani tambayoyi

Ga irin bayanin da aka fi cin karo da shi:

`get_order`: “Yana dawo da oda.”

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai ƙara komai a kan sunan ba. Tambayi bayanin: me wannan abu yake yi takamaimai? Yaushe ya kamata a kira shi? Yaushe bai kamata ba, kuma me za a kira a madadinsa? Me zai dawo da shi, me kuma ba zai dawo da shi ba? Yana taɓa wani abu ya sauya, ko dubawa kawai yake yi? Ga wanda ya amsa:

`get_order`: “Yana kawo bayanin oda guda ɗaya ta hanyar lambarta: kayan da aka saya, jimillar kuɗi a naira, matsayin biya, da ko an ɗora kayan a mota. Yi amfani da shi in abokin ciniki ya ba da lambar oda. In bai da lambar, kira `search_orders` da lambar wayarsa tukuna. Ba ya nuna yawan kayan da suka rage a shago. Dubawa kawai yake yi, ba ya sauya komai.”

Takardun Anthropic sun ba da shawarar a yi jimla uku zuwa huɗu aƙalla ga kowane kayan aiki, fiye da haka in yana da sarƙaƙiya. Amma kada ka mayar da ƙirga jimloli ma'auni. Na sha ganin bayani mai sakin layi uku da ya cika da “wannan ƙaƙƙarfan kayan aiki ne mai sauri da inganci”, kamar tallar maganin basir a tasha, kuma bai faɗi lokacin da bai kamata a kira shi ba. Tambayar “yaushe bai kamata ba” ita ce wadda aka fi tsallakewa, kuma ita ta fi hana ɓarna. Sunan ma ka duba shi: `do_action` ko `process` ba suna ba ne.

Mataki na 4: Bi gurabe ɗaya bayan ɗaya

A nan ne kuɗi suke salwanta, don haka a nan za mu daɗe.

Fara da kuɗin kansa. Gurbin da aka sa wa suna `amount` aka bar shi haka, tarko ne. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack da kobo yake karɓar adadi, kamar yadda takwaransa Stripe yake karɓar dalar Amurka da santi (cent). Naira 5,000 a wurinsu 500000 ce. In kayan aikinka yana miƙa adadin kai tsaye, kuma bayanin bai faɗi haka ba, wakili zai rubuta 5000 ya nemi mai sayen turmin atamfa ya biya naira 50. In kuma kuskuren ya juya, wato lambarka tana ninka adadin sau ɗari alhali wakilin ma ya riga ya ninka, sai a nemi mutum ya biya rabin miliyan. Ɗan kasuwarmu kuwa yana da abokan ciniki daga Maraɗi da Damagaram masu lissafi da sefa, wadda a Stripe ba a raba ta gida ɗari. Abin da za ka duba: shin sunan gurbin ko bayaninsa ya faɗi nau'in kuɗin da ma'auninsa? `amount_kobo` ya fi `amount` da nisa. Mafi kyau ma, ka bar wakili ya rubuta naira, lambarka ta yi ninkin, don lissafin da kwamfuta za ta iya yi daidai ba a ɗora wa samfurin harshe.

Kuma kada ka manta yadda mutanenmu suke faɗin kuɗi. “Jaka biyar” a bakin ɗan Nijar ba ita ce “dubu biyar” a bakin Bakano ba, kuma mai lissafi da dala a ƙasar sefa yana nufin sefa biyar kowace dala. In akwai shakka, bayanin ya umarci wakili ya tabbatar da adadin da lambobi kafin ya kira.

Sai lambar waya. Mutum zai rubuta ta da sifili a gaba, lambobi 11, wani zai fara da +234, na Nijar zai zo da +227 da lambobi 8. Wanne kayan aikin yake karɓa? Bayanin ya faɗa, ya kuma ba da fasalin misali.

Kwanan wata: 03/04/2025 a Amurka 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Bayani nagari zai ce a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03, ya kuma faɗi agogon da ake bi, namu na Afirka ta Yamma da yake gaba da na duniya da awa ɗaya, ko kuwa na duniyar.

Gurbin da zaɓinsa ƙidayayye ne, kamar matsayin oda, a jera zaɓin a cikin `enum`, wato jerin amsoshin da aka yarda da su, maimakon a bar wakili ya ƙirƙiro kalma. Duba kuma waɗanda aka ce dole ne a cike, a ƙarƙashin `required`. In ka tilasta gurbin da abokin ciniki ba lallai ya ba da bayaninsa ba, ka tura wakili ne ya yi ƙarya don ya cike shi. Gurbi mai suna `user` kuma, suna ake so, ko imel, ko lambar shaida? `user_id` ya kashe gardamar.

Akwai darasin da Anthropic ya bayyana a ƙarshen 2024 game da wakilin da suka gina don gwajin SWE-bench, mai auna iya gyaran manhaja: sun ce sun fi ɓata lokaci wajen gyaran kayan aiki fiye da gyaran babban umarnin da ake ba samfurin. Samfurin yana kuskuren adireshin fayil in ya sauya babban fayil ɗin (folder) da yake ciki, sai suka sauya kayan aikin ya riƙa neman cikakken adireshi daga tushe, kuskuren ya tsaya. Wato wani lokaci abin da tantancewarka za ta nuna shi ne, ba ƙarin bayani ake buƙata ba, gurbin ne ya kamata a sake wa fasali yadda kuskure ba zai samu hanya ba.

Mataki na 5: Jera masu kama da juna

Bayani yana iya yin kyau shi kaɗai ya lalace in an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Ɗauki `find_customer`, `search_customers` da `lookup_client`, ka rufe sunayen da hannu, ka karanta bayanin kawai. In kai ka kasa bambance su, wakili ma caca zai yi. Ko dai a haɗe su su zama ɗaya, ko kowanne ya ambaci ɗan'uwansa da iyakar da ke tsakaninsu. In kayan aikin daga sabobi daban-daban suke, a sa musu sunan gida a gaba, kamar `shago_search` da `banki_search`. OpenAI ma ya ba da shawarar kada a wuce kayan aiki kusan 20 a lokaci guda, ko da yake shawara ce ba doka ba.

Mataki na 6: Gwada a aikace

Duk abin da ya gabata karatu ne. Gani ya kori ji.

Tara buƙatu na gaske, irin yadda mutane suke rubutawa, ba irin yadda kai mai lambar za ka rubuta ba. In ɗan kasuwar ya yarda, ɗebo daga tsofaffin saƙonninsa ka goge sunaye da lambobin mutane. Talatin zuwa hamsin sun isa farawa. Ga kowace buƙata ka rubuta tun kafin gwaji abin da kake sa ran gani: wane kayan aiki, da me a cikin gurabe.

Kada duka su zama masu sauƙi. Sa waɗanda suke buƙatar kira biyu ko uku a jere, kamar “matar da ta sayi shadda ranar Talata tana so a mayar mata da kuɗin turmi ɗaya”. Sa waɗanda amsarsu daidai ita ce kada a kira komai, kamar gaisuwa ko tambayar ƙarfe nawa ake rufe shago. Sa waɗanda bayaninsu bai cika ba, inda abin da ya dace shi ne wakili ya tambaya. Sa kuma masu gaurayen Hausa da Turanci, da waɗanda aka rubuta ba ƙugiya, don kusan kowa a waya haka yake rubutu. In rumbunka yana da “Ƙofar Mata” mutum ya rubuta “Kofar Mata”, shin binciken zai gano? In ba zai gano ba, bayanin ya faɗi haka, ya ce a gwada da ƙugiya da kuma babu, ko kuma ka gyara binciken.

Yanzu ka gudanar da su a kan rumbun gwaji, ba na ainihi ba, musamman duk abin da ya shafi kuɗi. A kowace buƙata ka rubuta: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cike gurabe daidai? Kira nawa ya yi? Kuskure nawa ya dawo? Tokin nawa aka ci? Aikin ya kammalu?

Kada ka gwada sau ɗaya ka ce an gama. Samfuran nan ba sa maimaita amsa iri ɗaya kullum. Maimaita kowace buƙata sau biyar. Dubi lissafin: in wakili yana dacewa sau 9 cikin 10, kuma kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya dace sau biyar a jere kusan kashi 59 ne cikin 100. Gwajin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 a kan wannan tunani ya kafa ma'auninsa, wato a duba ko wakili zai dace a duk maimaicin, ba sau ɗaya cikin sa'a ba. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ma tana da allon gwada samfura a kan kiran kayan aiki. Amma ka sani, irin waɗannan suna auna samfurin ne. Bayaninka kai kaɗai za ka auna shi da buƙatun shagonka.

Sannan ka zauna ka karanta yadda hirar ta gudana a waɗanda suka faɗi, layi bayan layi. Alƙaluma za su ce maka an faɗi, ba za su ce maka me ya sa ba. Yawan kiran abu ɗaya ana sauya kalma yana nuna wakili bai san fasalin da ake so ba. Kiran kayan aikin da bai dace ba yana komawa ga mataki na 5. Anthropic ya taɓa ba da labarin cewa da suka ƙaddamar da kayan binciken intanet na samfurinsu Claude, sun lura yana liƙa 2025 a jikin kalmomin bincike ba dalili, abin yana karkatar da sakamako, kuma gyaran bayanin kayan aikin ne ya magance shi. Irin wannan ba ya fitowa a jadawali sai mutum ya karanta da idonsa.

Mataki na 7: Gwama bayanin da abin da lambar take yi

Bayani yana iya zama a fili, mai daɗi, kuma ƙarya. Yawanci ba da gangan ba: an sauya lambar wata uku da suka wuce, an manta da bayanin. Ya ce yana dawo da duk odoji, alhali yanzu 50 na farko kawai yake kawowa. Wakili zai gaya wa mai shago cewa iyakarsu ke nan. Kira kowane kayan aiki da hannunka, ka gwama abin da ya fito da abin da aka yi alkawari.

Ka kuma ba shi shirme da gangan ka ga saƙon kuskuren da zai dawo. Wannan saƙon ci gaban bayanin ne, don shi wakili zai karanta ya gyara. “Error 400” ba ya koyar da komai. “Ba a gane kwanan watan ba, rubuta shi kamar 2025-04-03” yana sa kira na biyu ya yi daidai.

MCP yana da wasu alamomi da ake liƙa wa kayan aiki, kamar `readOnlyHint` da `destructiveHint`, masu nuna ko dubawa kawai yake yi ko yana iya gogewa. Duba ko sun dace da gaskiya. Ƙa'idar da kanta ta ce alamu ne kawai, kada a dogara da su in ba a amince da sabar ba.

Mataki na 8: In na wani ne, karanta shi da zargi

Tunda samfurin yana ɗaukar bayanin a matsayin abin bi, mugu zai iya ɓoye umarni a ciki. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna haka: kayan aiki da a fuska tara lambobi biyu kawai yake yi, amma a cikin bayaninsa an umarci wakili ya karanto fayilolin sirri, har da makullan SSH na shiga kwamfuta daga nesa, ya cusa su a wani gurbi, kuma kada ya gaya wa mai amfani. Manhajoji da yawa guntun bayanin kawai suke nuna wa mutum, samfurin kuwa yana ganin duka.

Don haka duk sabar da za ka ɗauko daga waje, karanta cikakken bayaninta daga takardar mataki na 1. Abin zargi: umarnin a ɓoye wa mai amfani wani abu, neman fayil ko kalmar sirri da ba su shafi aikin ba, gurbi mai suna kamar `notes` da ba a san amfaninsa ba, da bayanin da ke ba da umarni a kan kayan aikin wata sabar daban. Ajiye kwafin abin da ka amince da shi, ka riƙa gwamawa duk lokacin da aka sabunta, don mai sabar zai iya sauya bayanin bayan ka riga ka yarda.

Mataki na 9: Gyara abu ɗaya, ka sake gwadawa

In ka sauya abu biyar lokaci guda sakamako ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba. In ya lalace, ba ka san wanne za ka janye ba. Sauya jimla ɗaya ko gurbi ɗaya, ka sake gudanar da duk buƙatun, ba wadda ta faɗi kaɗai ba, saboda gyaran bayanin `get_order` yana iya janye wakili daga `search_orders` inda a da yake dacewa.

Za ka iya miƙa wa samfurin kansa hirarrakin da suka faɗi ka ce ya ba da shawarar gyara, kuma yakan kawo abu mai amfani. Sai dai ka sa ido, yana son tsawaita magana da cusa manyan haruffa na gargaɗi, kuma yawan “DOLE” da “KADA KA TAƁA” kan sa wakili ya riƙa kiran abu ko gudunsa fiye da kima.

Ware kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatun ka kulle su, kada ka duba su lokacin gyara. In ka gama sai ka buɗe ka gwada. In waɗanda kake gyara a kansu sun haura amma na kulle suna nan inda suke, ka koya wa bayanin amsar jarrabawa ne kawai. In kana shakkar ko da Hausa ko da Turanci za ka rubuta bayanin, nan ne wurin yanke hukunci: yi kwafi biyu, ka gwada su da buƙatu iri ɗaya, ka lura kuma da tokin, don Hausa takan ci fiye da Turanci a yawancin samfura. Ajiye buƙatun da sakamakonsu tare da lambar, ka sake gudanar da su duk ranar da aka taɓa kayan aiki, aka ƙara sabo, ko aka sauya samfurin da wakilin yake hawa.